Kurakuran da aka fi yi game da taurarin kabon masu gab da mutuwa

Da an ce "tauraron kabon", sai mutum ya hango dunƙulen gawayi yana ci a sararin samaniya. A nan kuskuren farko yake. Irin wannan tsohon tauraro kusan duk jikinsa haidirojin ne da hiliyam, kamar ranarmu. Bambancin kawai shi ne a iskar da ke kewaye da shi ƙwayoyin kabon sun fi na oksijin yawa, ko da da ƙiris ne.

Wannan ɗan rinjayen shi ke yanke hukunci. Kabon da oksijin suna ɗaure juna ɗaya da ɗaya su zama CO, wato gas ɗin kabon-monoksaid, ɗaurin da ke da wuyar kwancewa. In oksijin ya riga ƙarewa, kabon da ya yi saura sai ya shiga haɗa asitilin, gas ɗin nan na masu walda, da HCN, wani gas mai guba, da ƙurar silikon-kabaid. Don haka kafin komai a tambaya: wanne ya fi yawa?

Wasu kuma suna zaton mutuwar tauraro dole fashewa ce. Dubi tauraron kabon CW Leonis, wanda ake kira IRC+10216, mai nisan kimanin shekarun haske 400, wato tafiyar da haske ke yi cikin shekara 400. A hankali yake fesar da jikinsa, gas na fita da gudun kusan kilomita 14 a daƙiƙa, har baƙar ƙura ta lulluɓe shi. An gano sinadarai fiye da iri 80 a cikin wannan mayafi, har da gishirin miya a 1987.

Waɗanda suka fahimci batun CO su ma sukan zarce, su ce ai babu ruwa a wurin tunda an ɗaure oksijin. Masana ma haka suka zata, sai kumbon SWAS ya hango tururin ruwa a CW Leonis a 2001, kumbon Herschel kuma ya nuna a 2010 cewa akwai mai ɗumi kusa da tauraron.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi na masu kanun labarai ne. An ga benzin a CRL 618, gajimaren gas da wani tauraro mai mutuwa ya fesar, a 2001, na'urar hangen nesa ta Spitzer ta gano C60, ƙwayoyin kabon 60 da suka jeru kamar ɗinkin ƙwallon ƙafa, a wani gajimaren gas na tauraro mai mutuwa, Tc 1, a 2010, sai ka ji ana cewa an samu alamar rai. Sinadarin da ke ɗauke da kabon ba shaidar halitta mai rai ba ne. Benzin ɗin nan akwai shi a cikin man fetur.