In ƴan sanda suka kama ka

Jama'a don Allah ku riƙe wannan, in an kama ka kar ka yi kokawa ko da kai ke da gaskiya, ka tambayi laifin da ake tuhumarka da shi, haƙƙinka ne a faɗa maka, sannan ka nemi lauya ko wani naka kafin ka yi bayani. Inda ake cutar mutane shi ne wajen sa hannu, sai a miƙo takarda a ce sa ka tafi gida, wallahi kar ka sa sai an karanta maka da yaren da kake ji don ita za ta bi ka kotu. In an dake ka faɗa wa alƙali, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984 ta hana kafa hujja da bayanin da aka tatsa da azaba.