Yadda ake gyara tsohuwar hanyar ƙafa a lambun shaƙatawar unguwa a Legas

Ruwa ne ke kashe hanyar ƙafa a Legas. Kwamitin unguwa a Agege ko Idi-Araba da ke son gyara hanyar lambunsa, ya fara zagaya ta bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, a watan Yuni ko Yuli. A sa alama duk inda ruwa ya kwanta, da inda intalok, wato tubalan kankare da ake jerawa a daɓe hanya, ya lotsa, da inda saiwar bishiya ta ɗaga shi, da inda gansakuka ta sa santsi. Aikin kansa a bari sai rani, daga Nuwamba zuwa Maris. Idan lambun na gwamnatin jiha ne, a nemi izinin LASPARK, hukumar kula da lambuna ta jihar, kafin a sa diga.

A fara da kwata. A yashe ta, a tabbatar tana zubarwa cikin babbar magudana. Hanyar kuma ta ɗan karkata gefen kwatar, santimita 2 a kowace mita ta faɗi. Ƙasa da haka ruwa zai kwanta, fiye da haka keken guragu zai riƙa zamewa gefe.

Faɗi kada ya gaza mita 1.5. In da fili a kai shi 1.8, don keke biyu su wuce juna, makaho da ɗan jagoransa su ma su tafi a sake.

Ƙarƙashin hanya ne inda aka fi ha'inci, domin ba wanda zai gani. A tsince tsohon intalok, a ware mai kyau don a sake amfani da shi. A haƙe kamar santimita 25, a daddaɓe ƙasar da inji. Inda ƙasa ke da laka ko danshi, kamar unguwannin da ke kusa da ruwa, a shimfiɗa zanen jiyotekstil, wato zane mai ƙarfi da ruwa ke ratsawa, don kada tsakuwa ta nutse. Sai dakakken dutse santimita 15, a zuba shi kashi biyu, kowane kashi a yayyafa masa ruwa a daddaɓe. Wanda ya zuba duka lokaci guda, sama kawai zai taurara, damina ɗaya hanyar ta yi kwari. A bisa dutsen a baje yashi mai kaifi santimita 3, ba yashin shafe mai laushi ba. Kada a yarda birkila ya cike kwari da ƙarin yashi, wurin zai sake lotsawa. Intalok mai kaurin santimita 6 ya wadatar wa masu ƙafa; inda mota za ta taka sai mai 8.

Gefe biyun a kafa musu baki na kankare, kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. In babu shi tubalan za su baje. A ƙarshe a share busasshen yashi cikin tsagogin, a sake bin su da inji.

Ga lissafin hanya mai tsawon mita 100 da faɗin 1.8: tubali mai santimita 20 da 10 guda 9,000, a ƙara 450 saboda yanka da fashewa, dutse kubik mita 27, yashi 5.4, a ɗan ɗara saboda daddaɓa na cinye su.

Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta a sauƙaƙa musu shiga wuraren jama'a. Matakala ko guda ɗaya ce katanga ce ga mai keke. A maye ta da gangara: kowace santimita 1 ta tudu tana son 12 ta tsawo, wato dakali mai santimita 30 sai gangara mai mita 3.6. A sa mariƙin hannu a tsayin santimita 90, na ƙarfen da aka shafe da zinki don hana tsatsa, saboda iskar gishiri ta Legas ba ta barin baƙin ƙarfe. A tuna da 'yan'uwanmu masu tafiya a kan allon katako mai ƙananan tayoyi. Tudun da bai kai yatsa ba yana tsayar da su, don haka tsagar murfin kwata kada ta wuce milimita 13, kuma ta gitta hanyar tafiya.

Babbar saiwa kada a sare ta, bishiyar na iya faɗuwa da iskar damina. A kewaye ta da hanyar. Turakun hana babur shiga a bar mita 1 tsakaninsu. Wani ɗan acaba zai kutsa, amma in an matse su mai keken guragu aka rufe wa ƙofa, gara a bar mai gadi ya ji da baburan.