Yadda ake haɗa man 2T da esansi ba tare da allurar tanki ta ruɗe ka ba

Shekara uku da suka wuce, cikin zafin watan Afrilu, tsohon babur ɗina ya kama a kan hanyar Tibiri. Ina cikin tafiya na ji ƙarar injin ta sauya, ta koma kamar ana kaɗa ƙusa cikin gwangwani, sai tayar baya ta ja ƙasa, komai ya tsaya cik. Da makaniki ya buɗe kan injin, gefen fistan duk ya kakkarce, zobban sun manne a jikinsa. Ya dube ni ya ce, "Malam, injin nan ƙishirwa ta kashe shi." Na rantse masa ban taɓa shan esansi ban zuba man 2T ba, wato man shafa inji da ake haɗawa cikin esansi. Kuma gaskiya na faɗa. Ina zubawa, sai dai da allurar tanki nake lissafin abin da zan zuba, kuma nan ne na yi ɓarnar.

Tun daga lokacin na lura ba ni kaɗai ba ne. Yara masu cajin waya da ƙaramin gurup, masu aski, masu yankan itace da zarton inji, da masu tsofaffin babura da aka cire musu famfon mai, kusan duk da ido suke haɗi. Injin 2T kuwa, wato irin na waɗannan kayan, ba shi da wani wurin ajiyar man inji a ƙasansa. Ɗan man da ka haɗa cikin esansi shi kaɗai ke shafa fistan da zobba da boris. In ya gaza, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Mota da baburan zamani masu injin 4T manta da su a wannan magana, su man injinsu daban yake, ba a haɗa musu komai da esansi a tanki.

Abu na farko, ka san awon injinka. Ana rubuta shi a murfin tanki, ko a takardar da aka manna a jiki, ko cikin littafin da ya zo da shi. Za ka ga ɗaya daga salo biyu: 50:1 irin na kayan da ke shigowa daga Nijeriya, ko 2% irin rubutun Faransanci. Duk abu guda ne. Ma'anarsa mililita 20 na man 2T a kowace lita ɗaya ta esansi. In 40:1 ne, mililita 25. In 25:1 ne, wato 4%, mililita 40. Ƙananan gurup ɗin nan da aka fi sani yawanci 50:1 suke, tsofaffin injuna kuma sukan nemi mai yawa. In rubutun ya goge kuma babu littafi, ni 40:1 nake yi, ban taɓa nadama ba.

Na biyu, kuma nan zan daɗe, ka fitar da allurar tanki daga lissafinka gaba ɗaya.

Mutane suna ɗaukar allurar nan kamar mudu ce. Ba mudu ba ce. A cikin tanki akwai wani ɗan abu mara nauyi da ke yawo a saman esansi, an ɗaura shi a bakin siririn ƙarfe. In mai ya ragu sai ya sauka, ƙarfen ya motsa, allura ta bi. A mota da babur mai kwanta (agogon da ke nuna mai) a gaba, motsin ƙarfen nan ƙarfin lantarki yake sauyawa, a gurup kuwa kai tsaye yake juya ƴar alamar da kake gani ta gilashi. Ka ga ke nan tsayin mai yake aunawa, ba yawansa ba. Tanki kuma ba kwali ba ne mai kusurwa huɗu. Na babur sama da faɗi, ƙasa a tsuke, wani ma a rabe gida biyu yake a kan ƙashin babur. Na mota an lanƙwasa shi ne don ya samu wuri ƙarƙashin kujerar baya. Rabin tsayi ba shi ne rabin lita ba.

Sai kuma wani abu. In ka cika tanki har baki, ɗan abin nan yakan kai ƙarshen hawansa tun mai bai gama cika ba, ya nutse a ciki. Shi ya sa direba zai bar Maraɗi da cikakken tanki ya yi tafiya mai nisa allura ba ta motsa ba, har ya fara yabon motarsa ba ta shan mai, sai an wuce Tasawa ya ga tana gangarowa kamar an tura ta. A ƙasa ma haka ne, allura takan kwanta alhali akwai sauran mai da masu ƙera mota suka bari da gangan. Ƙara da tsufa, da ƙura, da babur da aka jingine a karkace kan ƙafa ɗaya, ko mota da ke tsaye a gangare.

Ga yadda abin ya ci ni. Tankina lita 5 yake ɗauka. In allura ta zo tsakiya sai in ce saura lita biyu da rabi ya cika, in zuba mililita 50 na man 2T, in ce wa mai mai ya cika. Bayan da injin ya kama na tsaya na auna da kaina: daga tsakiyar allura zuwa baki lita uku da rabi ke shiga. Mililita 50 a lita uku da rabi ya zama 70:1, ni kuwa ina zaton 50:1 nake yi. Sau ɗaya ba zai kashe inji ba. Amma kowane mako haka nake yi, haɗin da ke tanki yana ta tsinkewa, ga zafin bazara, ga goyo, ga yashi. Kuɗin fistan da zobba da gyaran silinda da na biya ya isa ya saya mini man 2T na shekaru.

Wasu kuma kuskurensu ta ɗaya gefen ne. Tanki yana da sauran haɗi, su ƙara lita biyu, su zuba mai na cikakken tanki. Wanda ke ciki ai an riga an haɗa shi. Sabon esansin da ka ƙara shi kaɗai ake yi wa lissafi.

Na uku, ka auna esansi a waje. Ka samu bido mai tsabta na lita 5, wanda ba a taɓa zuba ruwa ko man gyaɗa a ciki ba, ka keɓe shi don wannan aiki kawai. Ka je gidan mai da shi, ka sa a zuba lita 1 ka ja layi da ƙusa a jiki, a ƙara lita 1 ka sake ja, har biyar. Ka ga ka samu mudunka. Wannan zai yi maka amfani musamman in ruwa-ruwa kake saye a bakin hanya, don kwalaben nan ba duka ne lita cikakkiya ba. Akwai ta lita ɗaya, akwai ta santilita 75, akwai ta 70, kuma duk "lita" ake kiransu. Ba zargin kowa nake ba, wani mai sayarwar ma bai taɓa aunawa ba. Ka juye a bidonka, layi zai gaya maka. Kuma ka tace da kyalle mai tsabta yayin juyewa.

Na huɗu, sirinji. Ka shiga famasi ka sayi sirinji na mililita 20, ka cire allurar ka yar inda yara ba za su ɗauka ba. Kuɗinsa bai kai na kofin shayi biyu ba. A 50:1 cikin sirinji ɗaya lita ɗaya, cika biyar lita biyar, babu wani lissafi. Murfin gora da kofin shayi da "ɗan tsiyaya kaɗan" duk ka bar su. Na ga yaron shago yana auna mai da murfin gorar ruwa, da na zuba abin da ya auna a sirinji bai kai mililita 10 ba.

Man kansa ya zama an rubuta 2T a jiki. In ka ga JASO FC ko FD ya fi, hayaƙinsa kaɗan ne kuma ba ya tara baƙi sosai. Wanda aka rubuta wa TC-W3 na injin jirgin ruwa ne mai sanyaya da ruwa, ban sa shi a injin da iska ke sanyayawa. Man injin mota, irin su SAE 40, ba a yi shi don ya ƙone tare da esansi ba, toka yake bari. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Na san ana yi don sauƙi, na kuma san inda ake ƙarewa.

Haɗin kansa ba wuya. Rabin esansi a bido, sai mai, ka rufe ka girgiza sosai, ka ƙara sauran esansin ka sake girgizawa. Launi zai sauya, ya yi shuɗi-shuɗi ko ja-ja gwargwadon man. A inuwa, nesa da murhu da mai shan taba, kuma ka kashe inji ya ɗan huce kafin ka zuba. Kada ka fara zuba man 2T a busasshen tanki, zai gangara kai tsaye cikin kabureta ka yi ta bugu injin bai tashi ba.

In tafiya ta kama ka ba bido, ka faɗi adadin lita tun kafin a zuba, kada ka ce a cika. Ka ce lita uku, ka kalli kwantar famfo, ka zuba mai na lita uku, ka jijjiga babur.

Mai mota da ke son sanin gaskiyar allurarsa, ya cika tanki, ya yi tafiya har ta zo tsakiya, ya sake cikawa ya rubuta litar da ta shiga. Ya maimaita a kwata. Ya ajiye takardar cikin mota.

Bayan kwana biyu ka kwance buji ka duba bakinsa. Launin ƙuli-ƙuli, lafiya lau. Baƙi mai danshi, ga hayaƙi na tashi daga salansa, mai ya yi yawa ko kabureta na son gyara. Fari fat, injin na zafi, ka tsaya ka nemi makaniki. Haɗin da ya haura wata guda a bido ba na sa shi, don haka ba na haɗa fiye da na mako biyu, kuma ina girgiza bidon duk lokacin da zan zuba.