Yadda Ake Gane Dabbar da Ta Ɓullo Kusa da Gaɓar Teku

A gaɓar da ta taso daga Legas ta bi Kwatano da Lome har Akara, abin da mutum yake hangowa a ruwa ba ya wuce daƙiƙa biyu ko uku. Kada ka dogara da launi, domin jiƙaƙƙen jiki a cikin rana duk baƙi yake zama. Motsi da numfashi su ne shaida.

Tsaya a tudu, rana tana bayanka. A wannan gaɓa teku na kudu, don haka safiya da yamma sun fi tsakar rana, lokacin da ƙyallin ruwa ke kashe ido. In abu ya ɓullo, kafa ido a wurin ka yi ta ƙirga har minti biyar. Mai shaƙar iska dole ya dawo. Girma kuwa a gwada shi da kwalekwalen masunta da ke kusa, don ido kaɗai yana yawan ƙara wa abu tsawo.

Inda aka fi ruɗewa shi ne tsakanin dolfin da kifin shak, tunda kowanne na da fiffike a baya. Dolfin dabba ce mai shayarwa. Wutsiyarta a kwance take, sama da ƙasa take kaɗa ta, shi ya sa bayanta ke fitowa a gantsare ya mirgina ya nutse kamar taya, fiffiken kuma a lanƙwashe yake ta baya kamar lauje. Da wuya ka ga guda ɗaya tak. Shi kuwa shak wutsiyarsa a tsaye take, hagu da dama yake kaɗa ta, ba ya kuma bukatar iska. Sai ka ga fiffike mai kusurwa uku yana yanka ruwa a miƙe, wani ƙarami yana binsa yana lilo. Na biyun nan saman wutsiya ne, kifi ɗaya ne ba biyu ba. In kuma tsini biyu ne a jere kafaɗa da kafaɗa, suna fitowa tare suna nutsewa tare, galibi bakin fukafukan wani kifi ne mai faɗi kamar faifai.

Dolfin da ka ga fiffikenta zaune a kan wani tozo, a ruwa marar zurfi, ta cancanci hoto. Irinta a gaɓar Afirka ta yamma kaɗai ake samu, tana kuma dab da ƙarewa.

Feshin ruwa da ya tashi kamar hayaƙi, wajen mita 3, numfashin wel ne, wato ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa. Wel mai doro yana baro tekun kudu mai sanyi ya zo nan haihuwa, an fi ganinsa daga Agusta zuwa Oktoba. Tsawonsa na kaiwa mita 15, hannuwansa kuma kusan sulusin jikinsa ne. In ya ɗaga wutsiya sama, ya yi nutso mai nisa ke nan, sai ka ba shi minti goma ko fiye.

A tafkin Legas da bakin koguna akwai ayu, wanda masuntan Kwara da Binuwai suka sani. Ba shi da fiffiken baya ko kaɗan. Hanci kawai yake turowa ya shaƙi iska, ya bar da'ira a kan ruwa.

Kai mai kamar ƙwallo da ya leƙo ya koma, kunkurun teku ne. An fi saurin gane irinsa ta sawun da ya bari a yashi da asuba, musamman daga Oktoba zuwa Maris a wurare irin Ada Foah ta Gana. Sawu mai faɗin mita 1.5 zuwa 2, kamar na tarakta, na babban nan ne mai bayan fata da layuka bakwai. Wanda bai kai mita ɗaya ba, alamun hannu suna saɓa wa juna hagu da dama, na ƙarami ne mai launin zaitun. Kada a haska wa macen kunkuru tocila da dare, takan fasa yin ƙwai ta koma ruwa.

Baƙar inuwa mai faɗi da ke tafiya da igiyar ruwa, ba ta taɓa ɗagowa ba, yawanci ciyawar teku ce wadda ta addabi wannan gaɓa tun 2011, ko kuwa tsohuwar koma. Amma shuɗin abu mai kamar balan-balan da ruwa ya ajiye a yashi, kada ka taɓa, kada yara su taɓa. Zarensa na harbi ko bayan ya mutu.