Yadda ake wasa wuƙar puukko ta Finlan ba tare da an ɓata mata baki ba

Puukko ita ce wuƙar gargajiya ta mutanen Finlan, wadda suke ratayawa a ɗamara in za su shiga daji ko kamun kifi. Ba a naɗe ta, ƙarfenta gajere ne, galibi bai wuce faɗin tafin hannu ba, bayanta a miƙe, ƙotar kuma yawanci ta icen birch ce, wata bishiya ta ƙasashen sanyi, shi yasa ko ana tsananin sanyi bata ƙame maka hannu. Kubenta na fata, wanda suke kira tuppi, yana haɗiye ta har kusan ƙarshen ƙota. A garin Kauhava kamfanin Iisakki Järvenpää yana ƙera ta tun 1879, Marttiini kuma ya fara a Rovaniemi a 1928, to kaga abu ne mai asali, kuma wallahi yana min ciwo in ga an miƙa irin wannan wuƙa ga mai injin gurinda ya cinye mata baki cikin minti ɗaya.

Da farko kalli bakinta da kyau. Zaka ga gangare guda ɗaya mai faɗi ya sauko har kan kaifin, babu wani ƙaramin baki na biyu kamar na wuƙar kicin. Wannan gangaren shine jagoranka, ba sai ka tsaya lissafin yadda zaka karkata wuƙar a kan dutse ba. In taka tana da siririn baki na biyu, kamar yadda wasu na kamfani ke zuwa, zaka ɗan jima a wasan farko kafin ya baje.

Na biyu, tanadi dutsen wasa mai lamba 1000 da wani mai laushi kamar 3000 zuwa 6000 (yawan lambar shine laushin dutsen), da alƙalamin maka mai tawada, da guntun fata. In dutsen na ruwa ne jiƙa shi kamar minti 10 har ya daina kumfa, ka ɗora shi kan jiƙaƙƙen tsumma kar ya dinga zamewa.

Na uku, shafe gangaren duka da maka ta ɓangarorin biyu. Kwantar da shi ɗam a kan dutsen, yatsu biyu ko uku suna danne shi kusa da kaifi, sai ka tura gaba kamar zaka yanko siririn ɓawon dutsen. Bayan ƴan turawa ɗaga ka duba. In tawadar ta goge daga sama har bakin kaifi to kana kan hanya, in ta rage a bakin kaifi hannunka yana danne baya da yawa, in kuma bakin kaɗai ya goge to kana ɗaga bayan wuƙar, kuma nan ne mutane suke lalata ta, don a hankali bakin zai yi kauri ta daina shiga ice. Wajen lanƙwasar tsini ɗan ɗaga ƙotar sama kaɗan kana juyawa, amma gangaren ya zauna manne da dutse.

Ci gaba a gefe ɗaya har ka ji wani ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya tanƙwaro ta ɗaya gefen tun daga gindi har tsini. Shafa yatsa daga baya zuwa baki zaka ji shi, dan Allah kar ka bi tsawon kaifin. Sannan juya ka yi ɗaya gefen haka, ka koma dutse mai laushi da sassaucin hannu.

Na huɗu fata. Nan ja ake yi da baya, kaifin yana biyo baya, sau 15 zuwa 20 kowane gefe har ƙaiƙayin ya fita. Gwada ta a busasshen ice, in tana fitar da siraran sassaƙe masu nannaɗewa irin waɗanda ƴan Finlan ke hura wuta da su, kiehinen, ta yi.

Saura kula. Mai ƙarfen kabon tana tsatsa da wuri, musamman da damina, goge ta ta bushe ka shafa ɗan mai, kuma kar ka mayar da ita kube da danshi ko jinin nama. Ƙotar ma tana son mai jifa-jifa saboda hunturu kar ta tsage. Ka tuna puukko bata da abin tare yatsa, ba a soka da ita, yanka ake yi waje da jiki, kuma kar ka yi sassaƙa tsakanin cinyoyi saboda babbar jijiyar jini dake wajen. Faskare da saran rassa aikin gatari ne ko leuku, babbar wuƙar ƙabilar Sami ta arewa.