Ku rubuta wasiyya tun kuna da lafiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da yawanmu da an ambaci wasiyya sai gaba ya faɗi, kamar an kira mutuwa. Alhali hadisin Ibn Umar ya nuna bai kamata Musulmin da yake da abin wasici ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba.

Ku fara da bashi, domin shi ake biya kafin wasiyya da rabon gado. Wa kake bi, wa yake binka, nawa ne? Sai kayan amana: kuɗin adashi, filin da kuka saya tare da ƙaninka amma takardar da sunanka kaɗai, shanun da ka ba da kiwo a ruga. A nan ne zumunci ya fi lalacewa, marayu su yi ta zaryar kotu saboda uba ya bar komai a kansa bai rubuta ba.

Kyautar da za ka yi wasici da ita kada ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji. Amma jikan da mahaifinsa ya riga ka rasuwa, idan ba ya cikin magada, ko yaron da ka riƙa, ta nan za ka taimake su.

Ka sa hannu a gaban shaidu biyu adilai, ka sanar da iyali inda takardar take, kuma ka sabunta ta duk lokacin da ka biya bashi ko ka sayar da wani abu.