Sabuwar jita mai kogon ciki: kurakuran da na gaji da gani

Sau uku a wata guda ana kawo min jita mai kogon ciki ana cewa "ta lalace", alhali ba abin da ya same ta sai hannun mai ita. Mutum ya saba da jita mai daskararren katako, ya tara kuɗi ya sayi wannan don ya naɗi kiɗa zalla, sai ya riƙe ta kamar tsohuwar. To ba ɗaya suke ba. Wannan akwati ce mai iska a ciki, jikinta na rawa tare da tsirkiya, kuma daga nan daɗinta da rigimarta duka suka fito.

Babban kuskure shi ne kwance tsirkiyoyi shida a lokaci guda. A galibin irin waɗannan jitoci, jakin da tsirkiya ke hawa ba a manne yake ba, ba kuma a ɗaure da kusa ba. Nauyin tsirkiya kawai ke danne shi, kamar dai jakin goge ko na garaya. Ni ma na yi wannan kuskuren. Ranar da tawa ta iso na ce bari in sa mata sababbin tsirkiyoyi kafin in fara aiki, na kwance duka, na ɗaga ta don in goge ƙura, sai ji na yi abu ya faɗi ƙasa ƙwas. Na ɗauka na mayar inda idona ya ga ya dace, na ɗaure, na daidaita, na shiga naɗi. Kwana huɗu ina aiki a kan kiɗa uku. Sai da na zo ɗora fiyano a kai na ji duk inda hannuna ya wuce firet na bakwai (firet su ne ƙarafan da ke jere a wuyan jita), sautin ya kauce kamar muryar mai mura. Babu manhajar da ta gyara shi yadda kunne zai yarda. Na share duka na sake daga farko, wanda ya ba ni aikin kuma bai jira ba.

Tun daga lokacin tsirkiya ɗaya-ɗaya nake canzawa. In dole sai na cire duka, sai na liƙa salatif na takarda a gaba da bayan ƙafafun jakin. Idan naka ya riga ya goce, auna daga ƙarshen wuya, inda tsirkiya ta bar kan jita, zuwa firet na 12, ka ninka biyu, kusan nan ne mazauninsa. A jitocin kamfanin Gibson wajen santimita 63 ke nan. Daga nan ka kaɗa tsirkiya a sake, ka danna ta a firet na 12, ka duba na'urar daidaita sauti. In sautin ya yi sama, ja jakin baya wajen gindi. In ya yi ƙasa, matso da shi wajen wuya. Ka sassauta tsirkiya kafin ka tura, kada ka karce fenti. Kuma leƙa ƙarƙashin jakin: wasu masana'antu na sa siririn soso don kare jitar a hanya, na ga wanda ya shekara yana kaɗa tasa da shi yana ƙorafin sauti ya dushe.

Na biyu shi ne kuwwar nan da ke tashi in an ƙure amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti. Haba jama'a! Ka ɗauko akwati mai iska, ka zauna dab da sifika a ɗan ɗaki, ka murɗe komai har ƙarshe, sannan ka ce an sayar maka da jabu? Iskar sifika na girgiza jikin jitar, jikin na girgiza tsirkiya, fikof, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, ya sake mayar wa sifika, haka abin zai yi ta zagaye. Wannan rigima ta girme mu duka. Gibson sun fito da jitarsu mai kogo, ES-150, a 1936, kuma saboda kuwwar ne a 1958 suka sa gungumen katako a tsakiyar wata jitarsu, ES-335. Shahararren makaɗin jita B.B. King da kansa yakan cusa tsumma a ramukan da ke gaban tasa a lokacinsa. Don haka fara sanin wacce ka saya: jitar Epiphone Casino ta yi kama da ES-335 a ido, amma cikinta fayau yake.

Ni dai ƙaramar amfilifaya nake amfani da ita, in juya bakinta gefe, in rage kaurin sauti, in saurara ta abin kunne. Wasu na toshe ramukan da soso har a situdiyo. Ba na yi, don numfashin nan ne na biya kuɗi saboda shi. Har makirufo na biyu nakan kafa a gaban jitar kanta, in ɗan surka shi kaɗan.

Sauran ƙanana ne. Kada ka naɗi komai mai muhimmanci a makon farko, bari hannunka ya saba da faɗin jikin. Tsirkiya masu laushi sosai ba sa motsa katakon. Ni na koma masu ɗan kauri, wato masu lamba 11, kuma masu santsin jiki na rage ƙarar jan yatsa, wadda take fitowa fili tunda babu muryar mawaƙi da za ta rufe ta. Maɓallin tausasa sauti ba ado ba ne, murɗa shi. In fikof ɗinka samfurin P-90 ne zai yi gunji kusa da kwamfuta, sai ka juya kujera a hankali har ka sami inda ya lafa. Da hunturu kuwa a mayar da ita akwatinta da zarar an gama, domin bushewar iska na tsaga siririn katako.

Sai ɗan noti da ke riƙe ramin da ake sa waya. Duba shi duk mako. In ya kwance, soket ɗin zai faɗa cikin jitar, kuma yawancin waɗannan jitoci ba su da murfi a baya. Na taɓa kwashe yammaci guda da tocila a baki da lanƙwasasshiyar waya a hannu, ina kamun kifi ta ramin gaba.